Moto na biyu ma ya fara ƙauri: ina matsalar motar hawan dutsen nan take?

Baban Yara, Bauchi, ya rubuta:

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu sha'awar motocin rimot. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni shiga wannan harka, domin na kai inda dabarata ta ƙare, kuma ba na son in sake zuba kuɗi a kan abin da ban gane ba. Don kada a ruɗe, idan na ce mota ina nufin motar gaba ɗayanta, idan kuma na ce moto ina nufin ɗan injin lantarkin da ke juya tayoyinta.

Ina da motar hawan dutse mai rimot, girman kashi ɗaya cikin goma na motar gaske, wadda duk tayoyinta huɗu ke ja. Na saye ta ta hannu a watan Agusta, kuma kusan kowace Asabar bayan la'asar nakan ɗebi yarana biyu mu tafi duwatsun wajen Gudum mu yi ta gwada ta. Ta zo da moto mai buroshi girman 540, an rubuta 35T a jikinsa, da batir NiMH mai bolt 7.2. Watanni uku na farko ba ta taɓa ba ni kunya ba. Takan ɗora taya a kan dutse a hankali kamar hawainiya, ta ja jikinta ta haye, har mu shafe kusan awa guda batir bai ƙare ba.

Daga nan ne kwaɗayi ya shige ni. Na cire tayoyinta masu tsayin milimita 106 na sa masu 120, na ɗaura mata tagulla mai nauyin giram 400 a ƙafafun gaba don kada ta riƙa wuntsilawa baya, sannan na sayi batir LiPo mai gida uku, wato bolt 11.1. Da hunturu ya shigo sai moton ya fara kasala. Wani lokaci in na danna totur ba ya motsi sai na ɗan ƙwanƙwasa shi da yatsa, har wata rana a tsakiyar hawa ya yi ƙauri ya tsaya cak, bai sake tashi ba.

Na yi odar wani a intanet, girman 550, an rubuta 12T, ya zo da ƙaramin giya mai haƙora 17 a bakinsa. Mai sayarwa ya ce ya fi na farko gudu da ƙarfi, ni kuma da na ga ya fi shi tsawo sai na amince. Da na ɗaura shi sai mota ta riƙa yin baya idan na danna gaba, don haka na musanya wayoyinsa biyu. A kan kwalta kam tana gudu har yara na tsalle, amma a kan dutse ta zama abin takaici. Ba ta ƙara tafiyar nan ta sannu, sai dai ta tsaya ko ta zabura. Cikin minti goma moton ya yi zafin da ba ya taɓuwa, sannan komai ya ɗauke sai ta huta ta dawo. Idan na saki totur a kan gangare sai ta sulalo baya. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne idan tayar gaba ta maƙale tsakanin duwatsu biyu na murɗa sitiyari, sai fitilarta ta ƙifta, mota ta mutu na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan ta farfaɗo. Jiya na fara jin irin ƙaurin da na ji a wancan karon.

Yanzu ina tunanin in tara kuɗi in sayi moto marar buroshi in huta gaba ɗaya. Shin wannan zai kawo ƙarshen matsalar, ko akwai abin da ya kamata in duba kafin nan?

Tsohon Riwaya, Gombe, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Malam Baban Yara, Allah ya raya mana yaran. Na shekara fiye da talatin ina gyaran kik da altaneta da wayarin a nan Gombe, kuma jikana ne ya jawo ni cikin harkar waɗannan ƙananan motoci, inda na tarar cewa moton da ke cikinsu ƙanen kik ne kawai: maganaɗisu ne da amecha, wato ɓangaren tsakiya mai naɗin waya da ke juyawa, da buroshi biyu da ke kai mata wuta. Abin da zan fara gaya maka shi ne ka mayar da kuɗinka aljihu tukuna. Ruwa ba ya tsami banza. Moto biyu a mota ɗaya ba za su yi ƙauri iri ɗaya ba sai idan akwai abin da ke danne su, kuma na uku ma, komai tsadarsa, zai tarar da wannan nauyi yana jiransa.

Ka samu alanki ka kwance ɗan sukurun da ke riƙe da ƙaramin giya, ka zare giyan daga bakin moto, yadda moto da mota za su rabu. Sai ka ajiye ta a kan siminti ko tayil ka tura ta da hannu. Mota mai lafiya za ta gangara da kanta wani ɗan nisa ba tare da ƙara ba. Idan ta yi taku ɗaya ta tsaya, ko kuma ka ji tana tafiya tana cijewa a wuri guda a kowane zagaye, to ka gano bakin zaren. Daga nan ka cire farfelar baya ka sake turawa, ka mayar da ita ka cire ta gaba, har ka ware ɓangaren da ke riƙewa. Abubuwan da na saba tararwa su ne boris da ya cije, da notin taya da aka ɗaure fiye da kima har ƙafa ta danne jikin aksul, da zaren buhu ko leda da suka nannaɗe a bayan taya inda ido ba ya kaiwa. Ka kuma duba farfelar kanta, domin idan an taɓa zare ta an mayar ba daidai ba, kunnuwanta na wannan kai da na wancan ba sa kallon juna, za ta riƙa juyawa tana sarƙewa.

Idan za ka mayar da ƙaramin giya, kada ka danna shi ya matse babban giyan da haƙoransu ke haɗuwa. Ka yagi siririyar takarda daga littafin rubutun yara, ka sa ta tsakanin haƙoran biyu, ka matso da moto har takardar ta lanƙwashe, ka ɗaure, sannan ka juya ta fito. Idan ka riƙe ƙaramin da yatsa ka girgiza babban, ya kamata ka ji ɗan motsi kaɗan. Ka gwada a wurare huɗu na zagayen, domin babban giyan roba ne kuma da wuya ya zama da'ira cikakkiya. Mai sa moto da gaggawa a nan yake yawan kuskure, ya ɗauka matsewa ce ƙarfi.

Sannan kada ka yar da gawar moton farko, domin ita za ta faɗa maka abin da ya kashe shi. Wannan ƙwanƙwasawar da ka ce kana yi masa, ai ita ce wadda direba ke yi wa kik da sifana idan ya ƙi tashi, kuma dalilin ɗaya ne: ko buroshi ya cinye, ko datti ya riƙe shi a cikin gidansa har sifirin ya kasa tura shi kan kwamiteta, wato jan ƙarfen nan na wuyan amecha da yake gogawa. Ƙurar hunturu tana shiga ta ramukan iska. Akwai kuma wani abu da mutane ba su cika lura da shi ba. Duk wanda ya taɓa jan maganaɗisun tsohuwar sifika a cikin yashi yana yaro ya san baƙin garin nan da ke mannewa a jikinsa kamar gashi. Yashin gindin dutse yana da shi, moton kuma maganaɗisu ne da ke yawo dab da ƙasa, saboda haka yana tsince shi yana tarawa a ratar da ke tsakanin amecha da bango. Na taɓa buɗe na jikana bayan ya yi wasa da shi a kwarin da ke bayan unguwarmu, na goge cikinsa da farin ƙyalle, ƙyallen ya fito kamar an shafa gawayi.

Idan moton irin mai sukuru biyu a murfi ne, ana buɗe shi a sauya buroshi da sifirin. Idan kuma irin wanda aka lanƙwashe bakinsa ne, sai dai a fesa masa ruwan wanke kayan lantarki ko sifirit ta ramukan, ana juya sandar da hannu har abin da ke fitowa ya yi fari. Bayan ya bushe a ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya tak a kowane bushin, wato zoben da sandar ke juyawa a ciki. Kada mai ya taɓa kwamiteta, domin yana haɗuwa da garin buroshi ya zama kwaɓi ya cike tsagar da ke raba ɓangarorinta. Idan kana da mita, ka auna tsakanin kowane ɓangare da na kusa da shi. Ya kamata su ba ka lamba kusan ɗaya, wanda ya bambanta kuwa koyil ɗinsa ya tsinke ko ya ƙone. Sabon moto kuma, kafin ka ɗora masa kaya, ka haɗa shi da batirin tocila biyu ya yi ta juyawa shi kaɗai na 'yan mintuna, don bakin buroshi ya zauna daidai da zagayen kwamiteta.

Game da zafi, ni ma'aunina yatsa ne. Idan ba za ka iya ɗora shi a jikin moto ka ƙirga biyar ba, ka tsaya. Yanzu muna bazara, iska kanta tana kaiwa digiri 40, dutsen da ya yini a rana kuwa ya fi haka nesa, saboda haka moto yana fara aiki ne da zafinsa tun kafin ya ɗauki kaya.

Injiniyan Yelwa, Bauchi, ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma, kun gama magana a kan abin da hannu ke taɓawa, kuma ina goyon bayan a fara da gwajin turawar nan kafin komai. Ni zan ɗan taɓa lissafi da ɓangaren wuta ne, domin a ganina, Yallabai, ko da kowane boris na motarku lafiya yake, wannan moto na biyu ba na hawan dutse ba ne.

Harafin T ɗin nan yana nuna yawan naɗin waya a kan kowane reshe na amecha. Naɗi kaɗan yana nufin waya mai kauri, da gudu mai yawa, da shan wuta mai yawa. Naɗi da yawa kuma yana ba da juyi na sannu mai sauƙin sarrafawa ba tare da zuƙe batir ba. Masu hawan dutse a girman 540 suna zama ne tsakanin 27T da 55T, shi ya sa da yawa daga cikin motocin Axial SCX10 II da 35T suke fitowa. Na 550 amecharsa ta fi tsawo, don haka ba a gwada lambarsa kai tsaye da ta 540, amma ko a nan ɗin motar hawan dutse ta Traxxas TRX-4 da 21T take zuwa. Shi 12T an yi shi ne don motocin tsere a fili. A cikin yawancin 550 akwai 'yar fanka a kan sandar, wadda ba ta hura iskar kirki sai moto na gudu, alhali aikin hawan dutse kusan duka a juyin sannu ake yin sa. Kuma lokacin da taya ta maƙale moto ya tsaya ana ci gaba da danna totur, a lokacin ne ya fi shan wuta, duk kuma zafi take zama.

Batun musanya wayoyi ma ba ƙarami ba ne. Motocin gudu galibi ana ɗan karkatar da mazaunin buroshinsu don su fi ƙarfi ta fuska ɗaya. Idan aka tilasta musu juyawa ta ɗaya fuskar a matsayin gaba, ƙarfi yana raguwa, tartsatsi da zafi suna ƙaruwa. Ku nemi wanda buroshinsa ke tsakiya, wanda gaba da baya duk ɗaya ne a wurinsa.

Ga lissafin giya. Ban ga motarku ba, amma a ce babban giyanta haƙora 56 ne, giyabos yana rage juyi sau 2.6, aksul kuma sau 3.75, kamar yadda yake a da yawa daga cikin masu wannan girma. Da ƙaramin giya mai haƙora 13, moto zai juya sau 42 kafin taya ta juya sau ɗaya. Da mai haƙora 17 lissafin ya sauko zuwa 32. Tayar da ta tashi daga milimita 106 zuwa 120 kuma ta ƙara kusan kashi 13 cikin ɗari. Idan aka haɗa biyun, ƙarfin da ake nema daga moto don hawa dutse iri ɗaya ya ƙaru da kusan rabi, tun ba a sa tagulla a lissafi ba. Wutar da moto ke ja tana bin ƙarfin da aka nema, zafin da ke cikin waya kuwa yana bin wutar ne a ninka ta da kanta, saboda haka ƙarin rabi a wuta ya haura ninki biyu a zafi. Shawarata ita ce 35T a girman 540, ko 21T zuwa 27T a 550, da ƙaramin giya mai haƙora 11 zuwa 13. Mai 11 zai kai ku kusan 50. Ku tabbatar girman haƙoransa ya dace da na babban, domin 32P da 48P ba sa cin juna.

Ƙiftawar fitila idan kun murɗa sitiyari kuwa babu ruwan moto a ciki. A cikin na'urar sarrafa gudu, wadda muke kira ESC, akwai wani ɗan sashe mai suna BEC da ke rage wutar batir zuwa bolt 5 ko 6 don ciyar da risiba, wato na'urar da ke karɓar umarnin rimot, da injin sitiyari, wato sarbo. Idan taya ta maƙale sarbo yana ƙoƙarin ture dutse, yana iya jan amfiya biyu ko uku ko fiye, wutar ta faɗi, risiba ta mutu ta sake tashi, kuma wannan ne daƙiƙa biyun da kuke gani. Manyan tayoyi da tagulla sun ƙara masa aiki. A ƙananan ESC da yawa wannan sashe yana ƙona rarar wutar ne ta zama zafi, saboda haka rage 11.1 zuwa 5 ya fi dafa shi a kan rage 7.2, kuma ina zargin ɗaukewar da kuke samu bayan minti goma kariyar zafi ce ta ESC take aiki. Ku taɓa shi da zarar ta ɗauke. Idan da sanyinsa, to kariyar batir ce, wadda ke yanke wuta idan kowane gida ya sauka wajen bolt 3.2. Ku kuma duba fulogin batir: idan tsohon farin nan ne na roba, bakinsa yana saki ya riƙa zafi, gara a sauya shi da XT60.

Sulalowa baya a gangare saiti ne kawai. Ku duba jikin ESC ko takardarsa, za ku ga zaɓi tsakanin tsarin gaba da birki da baya, da kuma tsarin hawan dutse na gaba da baya kai tsaye mai birkin riƙo, wanda ke kama taya da zarar an saki totur. A wasu ana zaɓa da 'yan ƙananan fulogai, a irin Hobbywing QuicRun 1080 kuma ana iya ƙara ƙarfin birkin ko a rage shi mataki-mataki. A nan kusa za ku ga inda ake zaɓar NiMH ko LiPo. Ina roƙonku ku duba wannan yau ɗin nan, kada ku bari sai Asabar.

Ɗan Kaltungo ya amsa:

Da izinin manya, ni ina ganin kada a kashe wa Yallabai gwiwa a kan marar buroshi. Ina hawa da nawa a duwatsun nan namu kusan shekara biyu ban buɗe shi ba ko sau ɗaya, domin a rufe yake ruf, babu buroshin da zai cinye, babu ramin da ƙura za ta bi, kuma batir yana daɗewa. A ƙasa mai ƙura irin tamu wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne.

Sai dai a san wanda za a saya. Marar buroshi na motocin tsere, mai KV 3000 zuwa sama (KV shi ne yawan juyin moto a minti ɗaya ga kowane bolt) kuma marar sensa, ya fi 12T ɗin nan muni a kan dutse, saboda ESC ba ya sanin inda sandar take idan tana juyin sannu, sai mota ta riƙa kakkarwa tana tsalle kafin ta tashi. Wanda ya dace shi ne mai sensa, mai KV tsakanin 1200 da 2300, ko irin Hobbywing Fusion da aka haɗe moto da ESC a jiki ɗaya. Dole kuma a sauya ESC, tunda wayoyi uku ne ba biyu ba, ga canjin dala, ga jiran makonni kafin kaya su iso. Inda na yarda da Baba shi ne, irin wannan moto yana da ƙarfin da zai ɓoye cijewar boris, ya yi ta turawa har sai giya ya zube ko farfela ta murɗe.

Baban Yara, Bauchi, ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Jiya bayan isha'i na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, babban yarona na riƙe mini fitila, muka bi abin da Baba ya ce ɗaya bayan ɗaya, kuma kunya ta kama ni.

Da na zare ƙaramin giya na tura ta, ko kamu ɗaya ba ta yi ba ta tsaya, tayar baya ta hagu tana jan ƙasa. Na cire tayar na tarar da zaren buhu ya naɗe a bayanta ya yi tauri kamar waya, sai da na sa reza. A ƙarƙashinsa boris ne mai milimita 5 a ciki da 11 a waje, ya yi ja da tsatsa, ba ya motsi ko kaɗan, sandar ce kawai take juyawa a cikinsa har ta yi zobe mai sheƙi. Sai na tuna cewa da damina, duk ranar da muka dawo da taɓo, da tiyo nake wanke ta in jingine ta a rana, ban taɓa ɗiga mata mai ba. Na jiƙa shi a kananzir ya kwana, da safe ya fara juyawa amma yana ƙara kamar akwai yashi a ciki. Gwajin takarda kuwa, giyan ya yanka ta gida biyu, don haka a nan ma na matse fiye da kima.

Na kuma buɗe moton farko. Buroshi ɗaya ya cinye har sifirin na taɓa kwamiteta, sifirin ɗin ya koma shuɗi, baƙin garin da Baba ya ambata kuwa ya cika bangon ciki. Na samu tsohon giyana mai haƙora 13 a cikin gwangwanin da yara ke tara murafen kwalba, na ƙirga na babban na ga 56 ne kamar yadda Injiniya ya ƙiyasta. Na yi odar 35T, na ajiye maganar marar buroshi zuwa wani lokaci.

Birkin riƙo ya kama tun da na mayar da saitin. Amma ɗan fulogin zaɓin irin batir da ke jikin ESC a kan NiMH na same shi, ke nan duk watannin nan babu abin da ke kare LiPo ɗin. Na auna gidajen uku na samu 3.4 da 3.4 da 3.1, kuma ina ganin kamar ya ɗan tasa ta gefe ɗaya, ko da yake ban tabbata ko haka ya zo ba. Shin zan iya ci gaba da amfani da shi? Sannan na rage iyakar murɗa sitiyari a rimot, ƙiftawar ta ragu amma ba ta daina ba. Ina tunanin sa BEC na waje, wato mai zaman kansa ba na cikin ESC ba. Yaya ake haɗa shi?

Tsohon Riwaya, Gombe, ya amsa:

Madalla. Wannan boris kada ka yarda da shi don ya juya. Ƙarar da kake ji ramuka ne tsatsa ta yi a hanyar ƙwallayen, kananzir kuma ya wanke ɗan girisin da ya rage. Ka sayi saitin gaba ɗaya mai murfin roba ka sauya duka, domin tiyon da ya shiga wannan ya shiga sauran. Sandar da ta yi zobe ka sa mata sabon boris ka girgiza, idan tana rawa a ciki ita ma ta tafi. Daga yanzu wanki da burushin fenti da busasshen ƙyalle.

Injiniyan Yelwa, Bauchi, ya amsa:

Yallabai, batirin ne ya fi damuna. Ku ɗora shi a kan gilashi ko tayil ku gani ko yana kwanciya daram ko yana lilo, ku kuma danna shi a hankali da yatsa. Idan ya kumbura kamar akwai iska a ciki, ya gama aiki, kada a sake yi masa caji kuma kada a huda shi. Idan a miƙe yake, ku yi masa caji a tsarin daidaita gidaje, da ƙaramar wayar nan mai baki huɗu a haɗe da caja, da wuta kaɗan kamar amfiya ɗaya, a waje cikin inuwa, a cikin tukunyar ƙasa mai yashi a gindi, kuna zaune kusa. Ya kamata gidajen uku su haɗu a 4.2. Idan mai 3.1 ɗin ya ƙi cim ma 'yan uwansa, ko ya riga su sauka sosai bayan minti kaɗan na aiki, ku haƙura da shi. Idan za a ajiye shi fiye da 'yan kwanaki a bar kowane gida a 3.8, kuma kada a bar shi cikin mota a rufe a wannan zafin. In za ku sayi wani, da 35T mai gida biyu ma ya isa, ESC kuma zai fi samun sauƙi.

Shi BEC na waje ku nemi mai amfiya 5 zuwa sama. Wayoyinsa biyu na shiga ana yi musu dalma a kan wayoyin ESC da ke zuwa batir, ja da ja, baƙi da baƙi, a bayan fulogi. Bakinsa na fita kuma ya shiga kowane gurbi da ba kowa a risiba. Abin da ba a mantawa shi ne fulogin ESC mai waya uku da ke shiga risiba: ku sa allura ku ɗaga ɗan harshen robar da ke riƙe da jar wayar tsakiya, ku zare ta, ku naɗe ta da tef, don kada wuta biyu su haɗu a wuri ɗaya. Ku saita shi a bolt 6, sai fa idan an rubuta a jikin sarbo da risiba cewa suna ɗaukar 7.4.

Idan 35T ya iso, ku fara da giya mai haƙora 13 da tayoyin 120, amma ku cire rabin tagullar. Ku hau dutsen da kuka saba na minti biyar ku taɓa moto da ESC, ku ƙara biyar ku sake taɓawa. Wasu daga cikin na'urorin auna zafin goshi da suka yawaita lokacin korona suna da maɓallin auna zafin abu. Idan taku na da shi, ku tsaya da zarar moto ya doshi digiri 70. Ku rubuto mana lambobin da kuka samu, daga nan za mu san ko a sauka zuwa haƙora 11.